Barcin Zomo

Ranar da Yaya ya shiga ɗakin Baba ya gaida Mama, ya amsa gaisuwata, ya tsallake mai ɗakin, ranar na san in ban yi wani abu ba za mu binne mutumin nan da ransa.

Ni ba a san ni da haɗiye magana ba. Na ce, "Yaya, ba ka ga Baba ba ne?"

Ya dubi gadon, ya dube ni, ya ce a hankali, "Auta, wa zai amsa?"

Baba yana kwance yadda yake tun da ciwon shanyewar jiki ya kayar da shi a bakin ƙofar wurin aikinsa. Ido a lumshe mafi yawan lokaci, in ya buɗe ma silin yake kallo. Baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗif. Abin da ke motsi a jikinsa ɗan yatsa ne guda, manuni na hannun hagu, shi ma likita ya ce kada mu ɗora rai a kansa, jijiya ce take harbawa.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa gida tana koya wa irinsu magana, muna ce mata Malama. Ta yi iya yinta. Ta ce ya matse mata hannu, ta ce ya ƙifta ido, ta nuna masa hoton kofi da na kujera da na kyanwa. Baba ko gezau. A zuwanta na baya ta ja mu falo ta ce ita dai ba ta ga alamar yana fahimta ba, ga kuma marasa lafiya da yawa suna jiran ta. In ta dawo mako mai zuwa ba canji, za ta daina zuwa. Yaya ya gyaɗa kai. Mama ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Ni kuwa na ce a raina, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana nuna wa jama'a sararin samaniya, shi za ki burge da hoton kyanwa?

Aikin Baba ke nan. A gidan kimiyya na garinmu, can ƙurya bayan ɗakin ƙasusuwan dabbobi, akwai ɗakin taurari. Ba taga ko ɗaya. Rufinsa zagayayye ne fari, kamar an kife ƙatuwar ƙwarya, kujerun kuma duk sun kwanta baya don mutum ya kalli sama ba tare da wuyansa ya ƙage ba. A tsakiyar ɗakin majigi yake zaune cikin akwatin ƙarfe, idonsa guda yana duban rufi. Baba ya raɗa masa Mai-ido-ɗaya. Makarantu ke kawo yara mota-mota, a kashe fitilu, majigi ya zuba musu sama da rana tsaka.

A ɗakin nan na girma, da na gama karatu kuma a gidan na samu aikin raka baƙi. Na san halin Baba a bakin aiki kamar yunwar cikina. Mutum ne mai nawa, nawar da ke sa ni cizon yatsa. Sai ya kashe fitila ya zauna a teburinsa na baya, rimot a hannu, ya ƙi dannawa. Yara su yi ta ihu cikin duhu, wannan ya mintsini wancan, wani ya yi kukan kura, malamai su yi ta gyaran murya suna duba agogo. Shi ko a jikinsa. In an matsa masa sai ya ce, "Taurari ba sa fitowa cikin hayaniya." Tun da teburin ya dawo hannuna na yi watsi da wannan. Ina kashe fitila nake kunna majigi, mu yi mu gama, wata motar tana waje tana jira.

Majigin da ke ciki yanzu sabo ne, Baba ya karɓe shi da hannunsa ba da daɗewa ba kafin ya faɗi. Ranar da aka kawo shi ya nuna mini wata 'yar kafa a bayansa, irin wadda ake soka wa wayar intanet. Ya ce, "Kin ga nan? Wai in an haɗa shi, kana kwance a gida ma sai ka tashe shi." Na ce to a haɗa mana. Ya yi dariya ya ce, "Ni da nake nan kullum, wa zai kira shi daga nesa?"

Maganar nan ce ta faɗo mini washegarin ranar da Yaya ya tsallake shi, ina goge ƙurar akwatin. Na jefar da tsumman na nufi ƙarƙashin matattakala.

A nan Gizo-gizo yake zaune. Shi ne mai kula da wayoyin intanet na gidan, dattijo mai ƙaton tumbi, kuma ya samo sunan ne don ba ka ganinsa sai cikin saƙar wayoyi, tsakanin akwatuna masu ƙyafta korayen fitilu. Abokin Baba ne, abokin faɗansa kuma. Sun shekara suna musu a kan wanda ya fi amfani a gidan, ba wanda ya sauko.

Na ce, "Baffa, so nake Baba ya kunna majigi daga gadonsa."

Ya sauke tabaransa kan hanci ya leƙo ni ta sama. "Likita ne ya ce?"

"Ni na ce."

"To ai naki ya fi na likita ƙarfi." Ya miƙa hannu bayansa ba tare da ya waiwaya ba, ya jawo nannaɗin shuɗiyar waya. "Wuce mu je, kafin ki sa mini kuka a ofis."

Ya ɗaga allunan ƙasan ɗakin taurari ɗaya bayan ɗaya yana nishi, yana zagin duk wanda ya gina gidan, ya bi da wayar har gindin akwatin. Ya miƙo mini bakinta ya ce ni zan soka. Na soka, ta ce ƙyas. Wata 'yar fitila da ban taɓa sanin tana wurin ba ta fara ƙyaftawa a gefen kafar.

Majigi ba shi da allo sai rufin ɗakin. Da na kunna shi na danna maɓallin saiti a rimot, sai rubutun ya bazu a samanmu, kowane harafi ya kai tsawon mutum, ya lanƙwashe da lanƙwasar rufin. Dole muka kwanta kan kujerun yara muna kallon sama. Kujerar Baffa ta yi ƙara ta neman agaji.

Ya ce, "Shiga wurin sadarwa. Sauka. Kin ga inda aka ce ya karɓi adireshi da kansa? Kashe shi."

"Don me? Ba ya fi sauƙi ba?"

"Sauƙi gare shi, wahala gare mu. In kin bar shi haka ya zama baƙon masauki, yau a ba shi wannan ɗakin, gobe wancan. Ki zo nemansa ki tarar da firintar shugaba a kwance a ɗakin. Gidan kansa za mu ba shi, lambar da ba ta canzawa."

Ya fara karanto mini lambar, kashi huɗu ce da ɗigo a tsakani. Rimot ba shi da maɓallan lamba, sai kibiyar sama da ta ƙasa, kowace lamba sai ka hau ta kamar tsani. Ni da gaggawa sai in danne kibiya in wuce wurin, in dawo in sake wucewa. Tsakin da na yi ba ya ƙirguwa.

"Nawar babanki dai ba ta bi ki ba," in ji Baffa. "Da an haɗa ku an raba biyu, da an samu mutum biyu masu hankali."

Bayan adireshin akwai layi biyu kuma. Baffa ya ce ɗaya shi ke gaya wa majigin iyakar unguwarsa, ɗayan kuma ƙofar da zai bi in zai yi magana da wanda ke wajen gidan. Na cika su. Ya sa na sauka inda aka rubuta ko a yarda a ba shi umarni daga nesa, na ce a yarda. Sai majigin ya nemi kalmar sirri.

"Sa wadda ɓarawo ba zai canka ba," in ji Baffa.

Na hau tsanin haruffa na rubuta sunan taurarin da Baba ya fi so, kaza da 'ya'yanta, a haɗe. Baffa ya karanta a rufi, ya buɗe kwamfutarsa a kan tumbi.

"Yanzu bari mu yi sallama."

"Sallama kuma?"

"Haka ake yi. Kafin ka aiki mutum sai ka tabbatar yana gida. Zan aika masa sallama ta waya, in yana ji zai amsa."

Ya buɗe wani baƙin shafi ya rubuta lambar da muka ba majigin. Layi ya fito, wani ya biyo shi, wani ya biyo. Ya nuna da yatsa. "Kin gani? Ya amsa. Ya amsa. Ya sake amsawa. Wannan ya fi babanki ladabi." Daga nan ya buɗe shafin majigin, ya sa kalmar sirri, ya juyo mini da kwamfutar ya ce in danna kashe. Na danna. Ban taɓa rimot ba, ban taɓa akwati ba, sai ga rubutun rufi ya ɓace, fankar majigin ta yi ta sassautawa har ta tsaya. Na yi tafi kamar 'yar firamare.

"To tashe shi," in ji Baffa.

Na danna kunna. Shiru. Na sake dannawa. Shafin ya tsaya yana juya wani ɗan zobe. Baffa ya karɓa ya koma baƙin shafin ya aika sallama. Layi ya fito, ya karanta mini: ba amsa. Wani ya fito: ba amsa. Ba amsa.

Muryar Yaya na ji a cikin layukan nan, wa zai amsa. Na zauna cikin duhu ina kallon akwatin ƙarfe a tsakiyar ɗaki, baƙi wuluk, na ji na tsane shi. Duk wahalar nan ta banza ce ke nan. In ba za a iya tashinsa daga nesa ba, me zan kai wa Baba?

Na ce, "Baffa, ya mutu."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ba mu ƙarasa ba ne." Ya sosa gemu. "Kunna shi da rimot. Kada ki koma wurin sadarwa, ba can matsalar take ba. Shiga wurin wuta."

Na shiga. Ya sa na yi ta sauka har wani layi a can ƙasa, inda ba wanda zai leƙa sai mai neman wani abu.

"Yauwa. Barci iri biyu gare shi. Na farko, wanda yake zuwa da shi daga kamfani, in ya kwanta ya kwanta, komai a kashe har kunne, don kada ya sha wuta. Ki yi ta sallama har muryarki ta dishe. Na biyu kuwa, ido a rufe, fanka a tsaye, jiki ya yi sanyi, wanda ya gan shi zai rantse ba komai a ciki. Amma ya bar 'yar wuta kaɗan a kunne. Barcin zomo ke nan."

"Zomo ai da ido buɗe yake barci."

"Wannan zomon da kunne yake nasa. Ke dai zaɓi na biyu ki bar gardama."

Na zaɓa. Muka sake kashe shi. Wannan karon na tashi na je na ɗora tafin hannuna a kan akwatin, ina jin rawar fanka tana raguwa har ta ɗauke. Na tsaya har ƙarfen ya huce a ƙarƙashin hannuna. Ba haske, ba motsi, ba ƙara. Da an ce in rantse ba rai a cikinsa, da na rantse.

Baffa ya aika sallama.

"Ya amsa," ya ce. Muryarsa ta sauka. "Ya amsa. Ya amsa."

Hannuna yana kan abu mai sanyi, matacce a ido, ga shi kuma yana ji, yana amsawa ta wata hanyar da idona ba ya gani. Ban taɓa jin mamaki irin wannan ba a ɗakin nan, ni da na girma ina kallon sama tana juyawa a cikinsa. Na kasa cire hannuna. Baffa ma bai yi wasa ba wannan karon, ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, gogewar da ta wuce buƙatar tabarau. Can ya danna kunna. Wani abu ya ce ƙyas a cikin ƙarfen, fanka ta ja numfashi, taurari suka zubo a kanmu.

Sauran aikin shi ya ƙarasa. Ya buɗe wata ɓarauniyar hanya mai makulli daga gidanmu zuwa wayoyin gidan kimiyya, don kada kowane mai wucewa ya shigo. Ya ɗauki kwamfutar hannuna mai allon taɓawa ya yi mata shafi mai maɓalli guda ɗaya tak, kore, mai faɗin tafin hannu. Ya ce, "Ko da gwiwar hannu ya taɓa, zai tashi. Ki gaishe shi. Ki ce har yanzu ni na fi shi amfani."

Da yamma na kai gida na baje musu komai a falo. Mama ta saurara. Yaya ya bari na gama, sannan ya ce, "Auta, ba na son in karya miki gwiwa. Amma yatsan nan kullum motsi yake. In kin sa masa allo a ƙasa, ko ba daɗe ko ba jima zai taɓa. Ko ya danna, jijiya ce. Me kika tabbatar?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ba abin da ke ba ni haushi irin Yaya ya yi gaskiya. Ban yi wannan tunanin ba ko kaɗan. Na ce, "Ko ma mene ne sai an yi." Ya ɗaga kafaɗa ya ce zai riƙe masa allon, don kada in ce ya hana.

Na shiga ɗakin Baba na ja kujera. Na gaishe shi, na gaya masa komai kamar yadda ake ba mai lafiya labari: shuɗiyar waya, gidan kansa da muka ba Mai-ido-ɗaya, sallama, barcin zomo, har saƙon Gizo-gizo ban rage ba. Na ce, "Ranar da Malama za ta dawo akwai 'yan firamare da hantsi. Kai za ka kunna musu, Baba. Ni ba zan taɓa ba." Idonsa yana silin. Ɗan yatsan ya motsa a kan zanin gado, ya tsaya, ya sake motsawa, kamar yadda yake yi ko da ba kowa a ɗakin.

Ranar ta zo. Motar makaranta ta sauke yara ƙanana, irin waɗanda ba sa tafiya sai gudu. Na zaunar da su, malamarsu ta zauna kusa da teburina da jaka a cinya. Gizo-gizo ya shigo ya jingina da ƙofa, wai ya zo duba waya. Na kira Yaya na bar kiran a buɗe. Can gida ya sa wayarsa a sifika kusa da kunnen Baba, suna jin duk abin da ke faruwa a ɗakin taurari. Ni kuma na saƙala abin ji a kunne ɗaya ina jin su.

"Malama ta zo," in ji Yaya. "Mama na nan. Allon yana ƙarƙashin hannunsa."

Na ce, "Baba, ga su nan. Zan kashe fitila." Na kashe.

Ihu ya tashi kamar an buɗe kasuwa. Wani ya ce aljani, wasu suka fashe da dariya, wata ta fara kiran mamarta, kujeru suka yi ta ƙara. Na zuba wa tsakiyar ɗaki ido duk da ba na ganin komai. Rimot yana hannuna na dama, na riƙe shi ne kawai don ko-ta-kwana.

Ba abin da ya faru.

Na jira. Hayaniya ta ƙaru, wani ya fara buga ƙafa, saura suka kama. Malamar yaran ta matso ta ce, "Lafiya dai? Ko wuta ce ta ɗauke?" Na ce yanzu zai kama.

A kunnena Yaya ya ce, "Auta, yatsan ya sandare a sama. Bai ko taɓa allon ba. Rawa kawai yake yi."

"A ba shi lokaci."

"An ba shi. Gumi yake yi, muna wahalar da shi ne kawai. Danna naki ki sallami yaran mutane."

Na ji muryar Malama daga can gida tana cewa ba komai, an gwada, kada a matsa masa. Na ji ƙarar zif ɗin jakarta, tana rufewa. Wannan ƙarar ta fi komai yi mini ciwo. Babban yatsana ya sauka a kan maɓallin rimot. Hawaye ya cika mini ido, na gode wa Allah da duhu. Na ce a raina, shi ke nan, Yaya ya yi gaskiya, ni ce na ƙi yarda, na ɗauki ubana na mai da shi abin gwaji a gaban baƙuwa.

Sai na ji Mama. Ba da ni take ba, ba da kowa take ba, irin maganar da take yi ce in tana ninke kaya. Ta ce, "Ku ma dai. Cikin wannan hayaniyar?"

Na ɗage yatsana daga rimot kamar na taɓa garwashi, na ajiye shi a kan tebur.

Na miƙe tsaye cikin duhu. Muryata ba ta kai ta Baba kauri ba, amma na ɗaga ta. Na ce, "Ku saurara." Ba su saurara ba. Na buga tebur da tafin hannu. "Ku saurara! Taurari ba sa fitowa cikin hayaniya. In kuna son ganinsu, sai kowa ya yi shiru. Suna jin ku."

Ba nan take aka yi shirun ba, yara ne. Na gaba suka fara, suna ce wa na baya shhh, shhh ɗin ma ya zama wata hayaniyar. Buga ƙafa ya tsaya. Wani ya yi tari da gangan, aka yi 'yar dariya, ta mutu. Mai kiran mamarta ta koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya. Kujera ɗaya ta yi ƙara a can gefe. Daga nan sai ɗakin ya yi tsit, tsit ɗin da ban taɓa bari ya samu ba tun da na zauna a teburin nan. Ina jin numfashin yara a ko'ina. A kunnena ma, can gida, ba mai motsi.

Ƙyas.

Daga tsakiyar ɗaki ya fito. Rimot yana kan tebur, hannuwana biyu suna kan ƙirjina. Fanka ta ja numfashi.

Sama ta buɗe a kanmu. Na ga wannan saman sau ba adadi, na san inda kowane tauraro yake kamar yadda na san kayan ɗakina, amma ranar ban gane ta ba. Idona ya daɗe a duhu, shi ya sa har ƙananan da ban taɓa lura da su ba suka fito, dubbai, wasu a bayan wasu, har rufin ya daina zama rufi, ya yi zurfi ba iyaka. Farin zanen nan mai kama da an watsa gari ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. Yaran suka ja numfashi gaba ɗaya, murya guda, ba wanda ya yi ihu. Wata 'yar ƙarama a layin gaba ta miƙa hannu sama a hankali. Ashe abin da Baba yake jira ke nan duk shekarun da nake cizon yatsa. Na koma na zauna.

A bakin ƙofa na ji Gizo-gizo yana faɗin sunan Allah ƙasa-ƙasa, yana maimaitawa.

"Auta." Muryar Yaya ce, amma ba irin wadda na sani ba. "Auta, riƙe shi ya yi. Ba sandarewa ba ce, ɗage shi ya yi da ƙarfi don kada ya taɓa. Suna yin shiru ya sauke. Ina kallo. Ya sauke shi a tsakiyar koren, ya danna, ya ɗauke."

Na ji Malama tana tambaya ko haka ya saba yi a wurin aiki, na ji Mama tana dariya da kuka a haɗe tana cewa ai da wannan halin ta aure shi. Na ji zif ɗin jaka ya sake ƙara, wannan karon buɗewa. Malama ta ce a bar mata allon nan a ɗakin, da shi za su fara, kuma hotunan kyanwa ta yafe su.

Malamar yaran ta taɓa hannuna ta yi raɗa, "Ba za ki yi musu bayani ba?"

Na share fuska na ɗauki 'yar tocilan mai jan ɗigo da Baba yake nuni da ita. Na nemo gungun nan ƙanana da suka taru wuri guda na zagaye su. Na ce, "Kun ga waɗannan? Sunansu kaza da 'ya'yanta." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, don a kunnena na ji an ja kujera kusa da gado, na ji gwiwoyi sun taɓa ƙasa.

Hantsi ya riga ya wuce, rana ta kusa take tsaka. Amma Yaya ya gyara murya, irin gyarawar da yake yi tun muna yara in ya makara bai shiga gaisuwa ba, ya ce, "Baba, ina kwana. An tashi lafiya?"